Hotunan da Mai Agogo Ya Hana Masu Su

Shekara talatin da huɗu ke nan ina zaune da mutumin nan, kuma a ashirin da biyar na farko ban san masa wani aibi ba in ban da yawan shiru. Gyaran agogo ne sana'arsa. Mai Agogo kowa yake ce masa, har ni ma idan raina ya ɓaci. Idan muna zaman lafiya kuwa Baban yara ne. Shagonsa ba ya cin mutum uku a tsaye. Tebur ɗaya ne, da fitila mai dogon wuya, da gwangwanayen ƙusoshin da ba a ganinsu sai da ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido. Ya fita da safe, ya dawo da yamma, ya ci abin da aka ba shi, ya kunna rediyo. Ni aikin jinya na yi har na yi ritaya, shi ya sa unguwa kaf Sista ake kirana. Mun haifi uku, duk sun kama gabansu. Ina cewa lokacin hutu ya zo, ashe a lokacin ma za a fara.

Wani tsohon mai hoto ne ya jawo mini. Ya kawo masa kyamara, wai ƙyauren da ke ƙiftawa a cikinta ya maƙale, an ce masa sai mai hannun agogo ne zai iya da shi. Kwana uku Baban yara ya yi a kanta, ya tashe ta. Da tsohon ya zo karɓa, ya leƙa, ya sake leƙawa, sai ya ce idonsa ya daina gani sosai, Baban yara ya riƙe ta kawai, ta fi amfani a hannun wanda ya san darajarta. Ya rasu tuni, Allah ya jiƙansa, amma ya bar ni da aiki.

Ba irin kyamarar da kuka sani ba ce. Baƙin akwati ne mai nauyin bulo, da idanu biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ba a kai ta fuska. A ciki ake tokare ta, a sunkuya a leƙa ta sama kamar mai duba ko guga ya kai ruwa. Fim ɗinta ya yi faɗin yatsu uku, hoto goma sha biyu kacal yake ɗauka, kowanne tsawonsa da faɗinsa ɗaya. Masu abin suna ce masa matsakaicin fim, wai akwai wanda ya fi shi girma. Na ce Allah ya tsare mu da wancan.

Abin da na fara rasawa shi ne rabin firjina, don wai fim ba ya son zafi. Sai banɗaki. Duk safiyar Asabar ya toshe tagar da bargona, ya jera tasoshi uku na ruwan magani mai warin tsami, ya kulle ƙofa. Mai buƙata sai ya ƙwanƙwasa ya jira, ko ya nufi maƙwabta. In ya fito kuma ya shanya fina-finan a igiyata, da abin maƙale kayana. Jikokinsa suka sa masa suna Kaka Dakata, domin in ya jera mu zai ɗauka, sai ya auna haske, ya murɗa nan, ya murɗa can, ya ce "Dakata," har murmushin ya bushe a fuska, jariri ya yi barci ya farka.

Duk wannan mai sauƙi ne. Namiji mai shekaru in bai sami abin yi ba, kai zai maida abin yi. Da a nan abin ya tsaya da ba ku ji bakina ba.

Likitan haƙori ne ya kai shi ƙungiyar masu ɗaukar hoto. Ya kawo agogonsa gyara, ya hango kyamarar a kan kanta, ya ce, "A'a, ashe kai namu ne." Tun daga ranar, duk Asabar bayan la'asar Baban yara zai sa rigarsa mai kyau, ya ɗauki ambulan ɗin hotuna, ya tafi ɗakin jira na asibitin haƙorin, lokacin an tashi aiki. Mutane suna zuwa suna tafiya, amma 'yan gida huɗu ne. Shi kansa Likita, mai kyamara bakwai, wanda ba ya ɗaukar komai sai furannin ƙofar gidansa. Sai Malama, mai koyar da zane a wata sakandare, wadda magana ke yi wa wuya. Sai mijina. Sai Injiniya.

Injiniya tsohon ma'aikacin hukumar ruwa ne, kuma shi ya kafa ƙungiyar, shi ya rubuta dokokinta. Babbar dokar ita ce, in an ɗora hotonka a tebur, kai ba ka da baki. Za ka zauna ka naɗe hannu, a yi ta faɗin abin da aka ga dama, sai an gama ka ce ka gode. Injiniya yana zuwa da rula da madubin ƙara girma. Ba ya fara kallon hoto daga tsakiya kamar sauran bayin Allah. Daga kusurwa yake farawa.

Na fara lura da abin ne ta hanyar aikina. Ina auna wa Baban yara jini duk mako. Kafin ya tafi taro ɗari da talatin, in ya dawo ɗari da sittin. Na ce, "Baban yara, wai dambe kuke yi a can?"

Ya ce, "Tattaunawa ce."

"Me suka ce da hoton jikar taka? Wanda take wasa da ruwa?"

"Sun ce bokitin ya fi ta haske."

"To sai me?"

"Ido yana tafiya kan bokitin."

Na ce, "Idon wa? Ni idona kan jikata yake tafiya."

Ya ce ba zan gane ba. Na ce in dai wannan ne ganewa, na gode Allah da ya bar ni a duhu. Na tambaye shi me ya sa yake komawa inda ake ci masa fuska duk mako, sai ya ce, "Shekara nawa ina gyaran agogo, ba wanda ya taɓa buɗe bayansa ya ga abin da na yi. In yana tafiya, shi ke nan. Su waɗannan suna dubawa." Na ƙara masa rabin ƙwayar hawan jini na ƙyale shi.

Haka muka yi shekara shida. Sai takarda ta zo daga hukuma cewa za a faɗaɗa titi, layin shagunansu gaba ɗaya zai tashi.

Shago goma sha ɗaya ne a layin, kuma shekara ashirin da bakwai Baban yara ya yi a cikinsu. Mai aski yana damansa, Tela yana hagunsa, can ƙarshe ga Mai takalmi, ga tsohon nan Mai makulli wanda duk ya riga su zuwa wurin. Tare suka tsufa, tare suke korafin wuta da ruwa, kowa ya san tarin kowa. Kowannensu ya sami inda zai koma, amma wani gabas wani yamma. Saura kwana uku katafila ta zo, Baban yara ya ce zai ɗauki kowa a ƙofar shagonsa. Fim ɗin da ya aika a kawo masa bai iso ba, guda ɗaya tak ya rage a firji. Shago sha ɗaya, sai ɗaya na layin gaba ɗaya daga tsallaken titi. Ba damar kuskure, ba damar a sake.

Na bi shi ranar, ni ce mai riƙe jaka. Kuma zan faɗi gaskiya, ban taɓa ganin mutanen nan haka ba. Mai aski ya yi wa kansa aski. Tela ya fito da kekensa bakin ƙofa ya goge shi har yana ƙyalli. Mai takalmi ya wanke hannu sau uku baƙin bai fita ba, ya ce a bar shi haka, ai shi ne shaidar. Mai makulli bai canza komai ba. Ya zauna a bencinsa, ɗaruruwan makullai suna rataye a bayansa, ya ce, "Mai Agogo, yi sauri, kafin in mutu." Da aka zo kan shagonmu, ba mai ɗaukar mai ɗauka, sai ya saita komai, ya ɗora mini kyamarar a ciki, ya ce in danna nan kawai, kada in yi numfashi. Na leƙa, na ga duk abin da ke dama ya koma hagu, na matsa don in gyara sai abin ya ƙara gudu. Na ce bismilla na danna.

Ranar Alhamis aka rushe layin. Ranar Asabar ya wanke hotunan, ya kira ni in gani tun suna jiƙe. Ni da ba na yabo, sai da na zauna a bakin baho. Kana iya ƙirga zaren da ke wuyan rigar Tela. Kana iya karanta lambar da ke jikin makullan tsohon nan. Ga su nan duka, kamar ka yi sallama su amsa. Na ce, "Baban yara, yau kam ka yi abin kai. Gobe a kai wa kowa nasa."

Ya ce, "Bari in fara nuna wa 'yan ƙungiya."

Ya dawo da yamma ya ajiye ambulan a kan firji, bai ko zauna ba. Ɗari da saba'in. Da ƙyar na tatsi labarin. Wai wayar wuta ta ratsa ta kan Mai makulli ta raba hoton biyu. Wai rabin fuskar Tela ya nutse a inuwa. Wai hannun Mai aski ya motsa. Wai na shagonmu ya karkace, Injiniya ya ɗora rula ya nuna wa kowa. Ƙarshen magana, Injiniya ya ce aikin gaggawa ne, abin tausayi, da ma a sake.

Na ce, "A sake? A sake me? Ka gaya masa wurin ya zama fili?"

"Doka ta hana ni magana."

"To bayan an gama fa?"

"Na ce na gode."

Daga nan aka shiga wani sabon babi. Tunda ba a iya sake ɗauka, sai ya ce zai gyara a wajen wanki. Duk Asabar ya shiga banɗaki ya sake buga su, ya ƙara wa wannan gefe haske, ya rage wa wancan. Ya yi ta ɗiga wani baƙin ruwa da tsinken burushi yana neman ɓatar da wayar wutar. Ya kai, a ce ya yi yawa. Ya rage, a ce bai kai ba. Kwali guda ya cika da Tela kala-kala, wani mai duhu, wani fari fat kamar ya ga fatalwa. Wata bakwai muna haka.

Su kuwa masu hotunan ni suka sa a gaba, don sun san shi ba a samun magana a bakinsa. In na je kasuwa Mai aski ya tare ni: "Sista, ko kyamarar ba fim ne a cikinta?" Matar Tela ta aiko sau biyu. Mai takalmi ya ce in dai muninsa ne ya fasa gilashin a faɗa masa, ba zai ji haushi ba. Kullum ina cewa ana kan aiki, har na fara jin kunyar bakina.

Abin da ya kai ni bango shi ne zuwan 'yar Mai makulli. Mace mai hankali, ta yi sallama ta zauna a bakin kujera. Ta ce mahaifinta yana wajenta tun bayan rusau, kuma wata biyu da suka wuce ɓarin jikinsa ya shanye. Magana ba ta fita sosai, amma kullum sai ya tambayi hoton shagonsa. Baban yara yana zaune yana ji. Na ga idonsa ya kaɗa, na ce to alhamdu lillahi. Sai ya buɗe baki ya ce, "Ki ba ni mako biyu, 'yata. Akwai wata waya da ban gama da ita ba."

Na raka ta ƙofa, na dawo na ce, "Mai Agogo, ranar Asabar tare za mu tafi."

Ya ce ba a zuwa da iyali. Na ce a nuna mini inda aka rubuta. Ya ɗauko takardar dokokin, shafi uku, ya karanta daga farko har ƙarshe. Babu.

Ɗakin jiran yana warin maganin haƙori. Kujerun roba a jere, hoton wani ƙaton haƙori mai dariya a bango, an ture mujallu gefe an shimfiɗa farin ƙyalle a tebur. Likita ya tarbe ni da fara'a har da ba ni kujerarsa. Malama ta gaishe ni a hankali. Injiniya, dogo siriri, biro uku a aljihu, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Hajiya, barka da zuwa. Sai dai baƙo kallo ne nasa."

Na ce, "Ai kallon na zo yi."

Aka fara da furannin Likita. Injiniya ya ce ganyen kusurwar hagu bai fito ba, Likita ya ce ya gode. Sannan aka baje namu, bugu na ban san nawa ba. Baban yara ya naɗe hannu ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da satar amsa. Mutumin da manyan gari suke kawo wa agogon gado su tsaya yana musu faɗa a kan sun bar ruwa ya shiga! Injiniya ya sunkuya da madubinsa, ya bi kusurwa huɗu na hoton Mai makulli, bai ko kalli fuskar tsohon ba, ya ce har yanzu ana ganin gurbin wayar, yanzu ma ta fi muni don an san an taɓa. Ya jawo na shagonmu ya ɗora rula.

"Wannan kuwa na faɗa tun farko, ba shi da magani. Duk wanda ya riƙe kyamara haka bai san abin da yake yi ba."

Na ce, "Gaskiyarka. Ni na riƙe."

Likita ya kama tari.

Na ce, "Ni na ɗauka, Injiniya, kuma ban san abin da nake yi ba, ban ɓoye ba. Tunda ni ba 'yar ƙungiya ba ce dokar shiru ba ta hau kaina ba. Tambaya ɗaya gare ni. Shekara shida ina jin sunanka a gidana safe da yamma, har jikokina sun san ka. Ina son in ga naka. Nuna mini yadda ake yi, in koya."

Baban yara ya ce, "Maman yara," can ƙasa-ƙasa. Ban kula shi ba.

Injiniya ya cire tabarau ya goge. Ya ce yana kan wani aiki. Na ce tun yaushe? Sai Malama ta ce, idonta a kan ƙyallen tebur, "Ni shekara takwas ke nan da shigowata. Ban taɓa gani ba."

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya zauna. Ya ce yana ɗauka, duk mako yana ɗauka, akwatuna huɗu gare shi cike da fim da ya wanke. Amma duk wanda ya ɗora wa madubi sai ya ga abin da ya hana shi fitowa da shi, kuma ba zai kawo wa mutane abin da shi kansa bai yarda da shi ba. Ya faɗe shi ne da alfahari, amma ya kasa ɗaga ido daga kan rular. Na yi jinyar mutane shekara talatin, na san mai ciwo in na gan shi. Tausayinsa ya ɗan taɓa ni, amma bai kai ya kashe mini wuta ba.

Na ce, "To Allah ya ba ka lafiya. Amma ciwon naka ka shafa wa mijina. Wannan da kake bin kusurwarsa mutum ne, yana kwance rabin jikinsa ba ya motsi, yana jiran ya ga shagonsa."

Sai Malama ta ce, "Sista, hotunan nan su ne mafi kyau da aka taɓa ɗorawa a teburin nan. Tun ranar farko na faɗa."

Baban yara ya manta da doka ya ɗago kai. "Yaushe? Cewa kika yi 'hm'."

Ta ce, "To ai shi ne."

Wallahi da ba a ɗakin mutane nake ba da na yi ihu. Wata bakwai! Na dubi Likita na ce shi fa? Ya ce shi ma ya so su ƙwarai, amma ya ga Injiniya ya fi shi sanin kusurwa.

Muka kama hanyar gida. Da muka shiga na ce, "To ka ji. Malama ta ce sun fi kowanne kyau. Gobe a kai." Ya zauna ya cire takalmi, ya ce, "Duk da haka wayar tana nan."

Ranar Litinin yana fita sabon shagonsa na buɗe kwalin, na tono bugun farko, waɗanda na gani suna jiƙe, kafin a fara yi musu kwaskwarima. Na sa a jakata na tari tasi. Kwana biyu na yi ina zagaye gari. Mai aski ya bar mutum da rabin kai a aske ya fita yana nuna wa maƙwabta. Matar Tela ta ce ba ta taɓa sanin mijinta kyakkyawa ba ne, da ta sani da ta rage masa faɗa. Ba wanda ya ambaci inuwa.

Wajen Mai makulli na ƙare. Yana kwance a tsakar ɗaki, an tokare shi da matasai. 'Yarsa ta riƙe masa hoton. Ya daɗe yana kallo, bakinsa yana motsi. Ya ɗaga hannun da ke aiki ya bi makullan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kai yatsan kan wayar, ya bi ta daga wannan gefe zuwa wancan, ya faɗi wani abu da ban ji ba. 'Yar ta kara kunne, ta yi dariya da hawaye. Ta ce cewa yake yi shi ya ja wayar nan da hannunsa, shekarar da aka fara ba layin wuta, kuma daga shagonsa kowa ya ja tasa.

Na dawo gida na faɗa wa Baban yara abin da na yi, da abin da tsohon ya ce, ban rage komai ba. Ya je ya buɗe kwalin ya duba, ya rufe. Kwana huɗu bai yi mini magana ba. Abinci dai yana ci, har da ƙari. A rana ta biyar ya sa rigarsa mai kyau ya ce zai je ya ga yadda suka ajiye su. Na ce kada ya je. Ya je.

Ya dawo yana huci kamar ya hau bene goma. Mai aski ya manna nasa a jikin madubi da salatif, ruwan feshi yana sauka a kai. Tela ya kai nasa shagon masu kwamfuta an ƙara masa girma, an zuba masa kala, rigar ta koma shuɗiya alhali ruwan toka ce. Mai takalmi kuwa ya sami wani tsohon firam mai tsawo, hoton ya ƙi shiga, sai ya sa almakashin fata ya datse gefe da gefe.

"Ya yanke shi, Maman yara! Da almakashi! Rabin ƙofar ya tafi!"

Na ce, "Nasa ne."

"Kuma wai in zo in sake masa wani, wannan ya tsufar da shi."

"Ka je wajen Mai makulli?"

Ya ce ya je. Ya ce a ƙarƙashin matashinsa yake ajiye shi, har ya fara lanƙwashewa, kuma sun yi awa guda tare, tsohon yana nuna masa makullai yana faɗin na gidan wane ne. Ya ce zai buga masa wani a takarda mai kauri ya sa a gilashi, a rataye inda zai riƙa gani daga kwance. Na ce da wayar ko ba wayar? Ya harare ni ya ce da ita. Ya kuwa yi, cikin kwana biyu, abin da ban taɓa gani ba.

Na ɗauka daga nan ya gama da ƙungiya. Ina! Injiniya ya rubuta takardar murabus shafi huɗu, ya yi mako uku bai zo ba, su ukun suka zauna suna kallon juna. Baban yara ya ce taron ya zama lami, kowa sai ya ce "ya yi kyau" a tashi. Da ƙafarsa ya je har gida ya ba shi haƙuri, shi da Likita. Injiniya ya yarda ya dawo bisa sharaɗi ɗaya, a ƙara doka ta goma sha huɗu: ba a zuwa da iyali. Aka kaɗa ƙuri'a. Malama ce kaɗai ta ƙi.

Na ce, "Tsaya. Ku huɗu ne. Malama ta ƙi. Kai fa?"

Ya kama gyaran zaman hularsa.

"Mai Agogo, da kai nake. Hannu ka ɗaga a hana ni zuwa?"

Ya ce, "Ai kin riga kin faɗi abin da za ki faɗa."

Har yanzu yana zuwa. Injiniya bai kawo hoto ba tukuna, amma an ce ya rage amfani da rula, sai abin ya yi tsanani. Malama ta fara biyowa ta gidanmu ranar Laraba in ta taso daga makaranta, mu sha shayi ta nuna mini nata, yawanci hotunan ɗalibanta ne suna wanke burushi a bakin famfo. Ashe mace ce mai surutu, wuri ne ba ta samu ba. Mai takalmi kuma ya zo har gida sau biyu a kan maganar sake hoto, ya ce wannan karon zai rina gemu. Baban yara ya ce sai ya yi alkawari a gaban shaidu cewa ba zai kusance shi da almakashi ba, shi kuwa ya ce ba mai yi masa doka a kan fuskarsa. A nan maganar ta tsaya, kowa ya ƙi sauka, kuma duk su biyun ni suke kawo wa ƙara.